Wushirya Ce, Ba Giɓi Ba

Na yi shekara goma sha huɗu ina gyaran fasassun tukwane a wani shagon kayan tarihi a unguwar Bloomsbury ta London. Rana ɗaya aka sallame ni, a kan layin baƙin fenti wanda tsawonsa bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Hannuna bai kuskure ba. Layin ya yi kyau, kyansa ne ma ya jawo abin da ya jawo.

Ku da kuke zuwa koyon ginin tukwane wurina ranar Asabar nake ba wannan labari. Makon jiya Rahila ta nuna mini bidiyo a wayarta. Wata tsohuwa ce 'yar Pueblo, mutanen asali na Amurka da ke zaune a busasshiyar ƙasar New Mexico, tana gina tukunya da hannu. Minti huɗu, daga yumɓu har wuta. Rahila ta ce, "Baba Sule, ai ba wuya. It's just mud, laka ce kawai." Sauran suka yi dariya. A lokacin hannuna na cikin laka. Yanzu zan amsa.

Ni a wani ƙauye na ƙasar Zazzau na koyi ginin tukwane, wurin ƙanen mahaifina, Baffa Ɗanladi. Ban yi boko ba. Shekara uku na farko ban gina ko kasko ba. Aikina in haƙo yumɓu a bakin fadama, in ɗoro wa jaki, in shanya, in daka, in tankaɗe, in jiƙa, in tattake da ƙafa har ya yi laushi. Sai in daka tsingaro, wato gutsattsarin tsofaffin tukwane, in zuba a ciki. In babu tsingaro, tukunya tsagewa take yi a wuta. In na gama, Baffa zai cusa hannu cikin yumɓun har gwiwar hannu, ya lalubo. Idan ya sami tsakuwa, ko da girman ƙwayar gero, ba ya faɗa. Ya ce in buɗe baki, ya sa mini ita, in riƙe har la'asar. Da na sha tsakuwa sau goma sha wani abu, yatsuna suka fara ganin abin da ido ba ya gani.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai dundunge, gasasshen curin yumɓu da ake riƙewa a buga jikin tukunya da shi. Akwai ɗan katako mai faɗi na bugun waje. Sakaina ta kankara, tsumma na gyaran baki, jar ƙasa ta shafe, da ƙwallayen kuka da aka zura a zare, da su ake guga har tukunya ta yi ƙyalli. Duka za su shiga kwando ɗaya. Ranar gashi ce ranar hisabi. A jera tukwane, a rufe da kara da busasshen kashin shanu, a duba iska, a yi bismilla a sa wuta. Daga nan ba abin da mutum zai iya. Sai ka tsaya ka saurara. Duk ƙarar da ka ji a cikin wutar, aikin mako ɗaya ne ya tafi. Akwai ranar da muka sa arba'in, muka fitar da sha biyu, saboda iska ta juya. Baffa ya dubi tarin, ya ce, "To, mun sami tsingaro." Washegari ya tura ni fadama.

Jarka da bokitin roba da tukunyar dalma ne suka kashe mana sana'a. Matan da suke sayen tulu suka daina, kuma ban ga laifinsu ba, jarka ba ta fashewa. Na tafi Kaduna, na tafi Legas, na yi dako. Yadda na shigo London labari ne daban, ba zan ba da shi ba. Shekara bakwai ina wanke-wanke da shara ba takardar zama. Daga baya takarda ta samu.

Shara ce ta kai ni shagon Mista Pell, dogon Bature mai sayar da kayan tarihi. Wata safiya na tarar da tukunyar Nufawa a kwandon shara, ta fashe gida tara a hanya. Na kwashe, na kai ɗakin baya. Lokacin cin abinci na jera gutsattsarin ba gam, kowanne ya zauna a mazauninsa, na tallafe da yashi. Pell ya shigo neman almakashi ya gan ta a tsaye. Ya tambaye ni inda na yi karatu. Na ce a fadama. Bai gane ba, amma mako mai zuwa ya karɓe tsintsiya ya ba ni tebur.

Gyara ba gini ba ne, sai da na sake koyo. A gini kai ne mai abu. A gyara kana bin sawun wani ne, wanda galibi ya daɗe da mutuwa. Kayan aikin su ne tiren yashi na tsayar da gutsure, gam wanda ake iya narkarwa in an so a kwance, reza, auduga, ƙananan buroshi, da tabarau mai ƙara girma. Ƙa'ida ta farko, ka haɗa komai ba gam tukuna, ka san wanda zai riga wani shiga. In ka yi gaggawa, za ka kai ƙarshe ka tarar gutsure na ƙarshe ba shi da hanyar shiga, sai ka kwance duka.

Wata tsohuwar Baturiya ta taɓa kawo faranti a cikin safar mijinta, gutsure talatin da ɗaya. Farantin banza ne, irin na kasuwa. Mako uku na yi a kansa. Da ta zo karɓa, ta shafa, ta ce ina tabon da ke gefe, na wuƙar mijinta. Na nuna mata, yana nan, ban taɓa ba. Ta ce da na goge shi da ba ta karɓa ba. Na ji maganar, amma ban riƙe ta ba. Akwai kuma Mama Saratu, nas ce 'yar Kafanchan, ta kawo tukunyar miyar mahaifiyarta da ta tsage a jirgi. Na gyara, na ce mata kada ta ɗora a wuta. Ta ce, "Malam, wa ya gaya maka miya zan yi? A kan firij za ta zauna, ta riƙa harara ta kamar mai ita."

Abokin aikina Alhassan ne, ɗan zangon Kumasi, shi ke tuƙa motar shagon. A Hausarsa komai namiji ne, har matarsa. Likita yake kira na. In ya shigo da kwali sai ya ce, "Likita, ga majinyaci. Wannan wuyanshi ya karye." Ni kuma in ce masa ya fara koyon Hausa kafin ya koyi likitanci.

Shi ya kawo tukunyar da nake magana a kanta. Wani tsohon malamin jami'a ne ya mutu, 'ya'yansa suka sayar da kayan gidan gaba ɗaya. Tana cikin akwati tare da littattafai. Girmanta kamar matsakaicin tulu. Na sa ƙarfin ɗaga tulu, sai hannuna ya yi sama, don ba ta da nauyi ko kaɗan. Fara ce, an zana tsuntsu da baƙi da ja. Kaurin jikinta bai fi na ƙwarya ba. Na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta amsa kamar ƙarfe. Gindinta a lotse, yadda muke yi don a ɗora a ka. Na sa hannu ciki, na ji sawun yatsu, na ji inda aka yi ta ɗora igiyar yumɓu a kan igiya. Ba a juya ta a kan inji ba. A bakinta akwai inda ya ɓantare kaɗan. Na sa tabarau na duba cikin ɓantaren, sai ga dakakken tsingaro a cikin yumɓun, kamar namu.

Na tambayi Pell ta ina ce. Ya ce ta mutanen Pueblo ce, shi ba fanninsa ba ne, ya fi sanin kayan Afirka. Ya ce in wanke ta, in cike ɓantaren bakin, shi ke nan.

Na wanke, na cike. Ina juya ta sai na ga wani abu. Akwai layi baƙi da ya zagaye wuyanta, madaidaici, ba rawa. Amma a baya layin bai haɗu ba. Akwai fili fari tsakanin ƙarshensa da farkonsa, kamar faɗin ɗan yatsa. A gidanmu in ka ja layi a wuyan tulu bai haɗu ba, Baffa zai tambaye ka ko barci ya ɗauke ka. Ragwanci ne. Na ce a raina igiya ce ta cinye fentin, ko hannun masu ɗauka.

Zan faɗi gaskiya a nan, domin ita ce amfanin labarin. Na ga alama. Fentin da ya goge yana barin dushi-dushi, yana barin karce. Wannan babu. Bakin layin biyu a tsaftace suke, kowanne ya sirance daidai inda aka ɗaga buroshi. Farin da ke tsakani sumul yake, yana ƙyalli kamar sauran jikin. Idona ya gaya mini da gangan aka bari. Na ƙi ji. Na ce mai irin wannan hannu ba zai bar aiki a buɗe ba, wataƙila kira aka yi masa ya tashi. Na ce ni zan ƙarasa masa.

Akwai fentin shago wanda ake iya wankewa, don irin wannan aka yi shi. Ban yi amfani da shi ba, domin yana sheƙi, mai ido zai gane. Na haɗa nawa. Na niƙa baƙin dutse, na sa ɗan kunkunniya, na sayo ƙaro a wani shagon kayan gida a Stratford na jiƙa. Kwana uku ina gwadawa a kan tsingaro har launin ya zo daidai, baƙi mai ɗan ja. Buroshin shago ya yi laushi, sai na tauna bakin tsinke kamar asuwaki. Numfashi ɗaya na ja layin. Da ya bushe na murza da babban yatsa. Farar ƙasar ta shanye shi. Bayan awa ɗaya ni kaina sai da na nema kafin in gane wurin.

Alhassan ya leƙo, ya ce, "Likita, ka sa mashi haƙori." Na ce ya tafi ya wanke mota. Pell bai lura ba, ni kuma ban faɗa ba, don ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ya ɗauki hotonta ta gaba, wajen tsuntsun, ya sa a intanet.

Bayan wata huɗu, wata Alhamis da ruwa, wata tsohuwa ta shigo shagon. Gajeriya ce, furfura ɗaure a ƙeya, da ƙaramar jaka. Sunanta Ramona. 'Yarta ce ta ga hoton, suka gane tsuntsun. Kakar Ramona ce ta gina tukunyar, ta sayar wa wani matafiyi a bakin hanya a shekarar da ba su da abinci. Babu ko ɗaya daga aikin kakar da ya rage a gidansu. Dangi suka haɗa kai suka turo ta ta gani da idonta, in ita ce ta koma da ita. Pell ya riga ya rubuta musu cewa ban da ɓantaren baki ba a taɓa komai ba. Jirgin komawarta ranar Litinin ne.

Ni na fito da tukunyar na ajiye a tebur, na koma ɗakin baya. Ƙofar a buɗe take, ina gani. Hannunta na fara kallo. Yatsu masu kauri, farce a cinye, babban yatsan dama ya karkace. Na san wannan hannu, irinsa ne da ni. Ba ta dubi tsuntsun ba ma. Ta ƙwanƙwasa ta saurara. Ta jiƙa yatsa da yawu, ta taɓa cikin, ta sunsuna, kamar yadda matanmu ke yi wa sabon tulu. Ta sa hannu ciki ta rufe ido. Sannan ta fara juyawa a hankali tana bin layin wuyan da yatsa. Ta zagaya sau ɗaya. Ta sake. Ta zagaya sau uku.

Ta buɗe jaka ta fitar da tsohon hoto. Wata mata ce zaune a ƙasa da tukwane uku a gabanta. Ta nuna wa Pell ta tsakiya, ta ce, "Kakata ba ta taɓa rufe layi ba. Ko sau ɗaya. Duba nan, a buɗe yake. Hannuna ya ce tata ce, amma wannan a rufe take."

Pell ya karɓi hoton ya duba. Ya ɗago ya dube ni ta ƙofa. Ba wawa ba ne, nan take ya gane. Ya ce mata wataƙila 'yar'uwar waccan ce, wata a garinsu ta kwaikwayi zanen. Ya ce bari ya kawo mata shayi. Ya shigo ɗakin baya ya turo ƙofa.

Ya ce, "Kai ne?"

Na ce, "Ni ne."

"Zai fita?"

"Ban sani ba. Ba fentin shago ba ne."

Ya dafe tebur. Ya ce, "Saurara, Sule. Na rubuta musu ba a taɓa ta ba. In aka ji shagona yana ƙara wa kaya zane, na gama a wannan kasuwa. Ka zauna nan. Za ta sha shayi ta tafi. Wani zai saya, wanda bai san layi ba."

Ya ɗauki kofi ya fita. Alhassan yana gefe yana naɗe kwali, bai ji da kyau ba. Ya ce, "Mene ne? Tsohon nan bai so kayan?" Na gaya masa haƙorin da na sa ne. Na ce da gangan mai ita ta bar wurin. Ya ajiye kwalin. Ya ce, "Ashe wushirya ne, ba giɓi ba." Haka ne. Giɓi haƙori ne ya faɗi, ana iya cikewa. Wushirya da ita aka haifi mutum, ba wanda ke kai ta wurin likita.

Ya ce, "Likita, kana da yara biyu a makaranta. Ka zauna."

Na leƙa. Ramona tana mayar da hoton cikin jaka. Ba ta taɓa shayin ba. Ta sake dafa tukunyar da tafin hannu, ta ɗauke, ta fara sa maɓallin rigar ruwanta. Ta tsallako teku don abin da ke gabanta, za ta koma ta ce wa danginta ba ita ba ce.

Na ɗauki tabarau na fita. Turancina ba shi da kyau, amma ya isa. Na ce, "Mama, ta kakarki ce. Ni na rufe layin." Na juya tukunyar, na sa mata tabarau a daidai wurin, na nuna inda nawa ya fara da inda ya ƙare.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Da me ka ja?"

Na ce da tsinke da na tauna.

Ta ce, "Mu ganyen wata ciyawa muke taunawa." Ta ajiye tabarau. "Wa ya ce ka rufe?"

"Ba kowa."

"Ka tambayi wani?"

"Ban tambaya ba."

Ta ce, "To, kai ka rufe, kai za ka buɗe. Ina nan har Litinin."

Da ta tafi Pell ya ce in gama wannan aikin, in kwashe kayana.

Kwana uku muka yi a ɗakin baya, tana zaune a kujera kusa da gwiwar hannuna. Ranar farko ruwan ɗumi da auduga. Ƙaron ya narke, saman fentin ya fita, amma baƙin ya riga ya shiga cikin farar ƙasar, ya bar inuwa. Tukunyar da aka gasa a fili tana shan ruwa kamar tulu, duk abin da ka sa mata sai ta ja shi ciki. Na gwada magungunan shago biyu, inuwar ba ta motsa ba. Na gaya mata saura reza. In na kankare, baƙin zai fita, amma fatar da kakarta ta goga za ta tafi tare da shi, ƙyallin ba zai dawo ba. Na ce ko in tsaya a inuwar.

Ta ce, "Inuwar layi ai layi ce. Kankare."

Da bakin reza na yi, a ƙarƙashin tabarau, ƙura-ƙura. In na yi minti goma sai in tsaya, don hannu kada ya yi zafi ya wuce gona. A tsakani muke hira. Ta tambaye ni da me muke gashi. Na ce kashin shanu. Ta ce su na tumaki, ya fi zafi, sai dai yanzu tumakin sun yi ƙaranci, har saye ake yi. Na ce a garinmu in aka ji ana sayen kashi za a ce duniya ta tashi. Ta yi dariya, sau ɗaya ke nan na ji. Ta ce su ma suna daka tsingaro, wani ma na kakannin kakanni da suke tsinta a jeji, don haka kowace sabuwar tukunya da tsohuwa a cikinta. Ta ce kafin su haƙi yumɓu sai sun yi addu'a sun nemi izini. Na ce mu bismilla muke yi. Na ba ta labarin tsakuwar Baffa. Ta ce kakarta ba ta sa a baki, a takalmi take sawa.

Ta fitar da wani ɗan dutse baƙi daga aljihu, sumul, duk gefensa ya cinye. Na kakar ne, da shi aka goge wannan tukunya. Na ce ko za ta gwada a wurin da na kankare. Ta ce, "Kai ma ka sani. Bayan wuta dutse ba ya kamawa." Na sani. Na dai tambaya ne.

Ranar Asabar na yi ƙarfin hali na ce mene ne amfanin filin. Ta ce, "Kakata ta ce hanya ce. Mai gini ta sa kanta a cikin aiki, dole ta bar wa kanta mafita. Wasu gidajen suna faɗar wani abu daban. Sauran ba na baƙo ba ne." Ban ƙara tambaya ba. Ni Musulmi ne, abin da suka yarda da shi nasu ne. Amma mai ita ta bar wurin da saninta, ni kuma na shiga na toshe ba sallama. Wannan ba sai an yi mini fassara ba.

Ranar Lahadi Pell ya ba Alhassan makulli ya buɗe mana. Da azahar baƙin ya fita duka. Layin ya buɗe. Amma farin wurin ya zama garje, ba ƙyalli, kamar tabon ƙuna a fata. Daga taku uku ana ganinsa. Na ce mata iyakar abin da zan iya ke nan.

Ta bi layin da yatsa har ta faɗa filin, ta tsaya a nan. Ta ce, "A gida za su tambaye ni wannan tabon. Zan ce wani magini ne ya yi shi a London, kuma shi ya fito ya faɗa. Za su ce wane ne. Yaya sunanka?"

Na ce Sule. Ta maimaita sau biyu har ta kama. Ta sa na faɗi sunan Baffa ma. Ita ta naɗe tukunyar da kanta cikin bargo, ba ta bar Alhassan ya taɓa ba. Ta ce a kan cinyarta za ta zauna a jirgi. Ban sake jin labarinta ba.

Shekarar da ta biyo ita ce mafi muni tun zuwana ƙasar nan. Masu sayar da kayan tarihi a London ba su da yawa, duk sun san juna. Na zaga shago shida. Wasu sun ji ni ne mai ƙara zane, wasu sun ji ni ne mai magana a gaban mai saye. Ban san wanne ya fi tsorata su ba. A ofishin neman aiki wata yarinya ta tambaye ni satifiket, na nuna mata hannuna, ta ce babu wurin rubuta wannan a fom. Na shiga benefit, tallafin da gwamnati ke ba marasa aiki, wata biyar. Na yi dako a wani sito cikin sanyi har bayana ya riƙe. Matata Hauwa ta ƙara awanni a gidan kula da tsofaffi. Muka bar gidanmu na Stratford, council, wato ƙaramar hukuma, ta ba mu flat a Abbey Wood. Alhassan yana zuwa duk Juma'a da waake, shinkafa da wake irin ta garinsu, a leda, ya ajiye, ya zage ni ya tafi.

A shekarar ne na koma gini, bayan shekara kusan talatin. Wani mutum ya ara mini gefen lambunsa. Na haƙo yumɓun London, ban san halinsa ba, na gina sha ɗaya na gasa da katako. Tara suka fashe, maƙwabta suka kira council saboda hayaƙi. Na daka taran na zuba a sabon yumɓu. A gashi na biyu bakwai suka tsira. Ɗaya daga cikinsu wata mata ta gani, ita ce ta nema mini ɗakin da kuke zuwa ranar Asabar.

Saboda haka, Rahila, tsohuwar da ke wayarki ba laka take wasa da ita ba. A bidiyon an yanke haƙa, an yanke daka, an yanke makonnin shanya, an yanke waɗanda suka fashe. An yanke wadda ta koya mata. Kuma akwai abin da take yi da gangan wanda ke za ki ɗauka mantuwa ce.

Yanzu shekaruna sittin da ɗaya. Ina Abbey Wood, hawa na huɗu. Kwana biyar ina share motocin bas, ranar Asabar ina koyar da ku. Har yanzu ana kawo mini fasassun kaya a gida, ina karɓa. Amma ba na taɓa komai sai mai abin ya zauna, mun juya shi tare, ya nuna mini da yatsansa inda ya karye da inda haka yake.